Shafin da Iska Ta Kai Gidan Gwaggo Hajo

Yaran da ke shagunan fotokofi na wajen Ƙofar Kaura abu ɗaya suka iya: su tura takarda cikin inji ya huda ta, su zura mata roba mai murɗe, su miƙa wa mutum su ce an ɗaure. Kwanan baya ɗayansu ya tsaya a ƙofar shagona yana kallon ina goga zare da kakin zuma, ya ce, "Baba, ai wannan wahalar da kai ce kawai." Ban tanka masa ba, don da na buɗe baki a lokacin zagi ne zai fito. Shi ya sa na zauna na rubuta. Sunana Bishir, ɗaurin littattafai nake yi. A aji biyu na sakandare karatuna ya tsaya, wanda ya ga kuskure ya gyara da kansa.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a dafa sitaci ne. Maigidana, Malam Iro, asalinsa baduku ne a Ƙofar Durɓi. Gafaka yake ɗinka wa malamai, da tadarishi, wato bangon nan mai tauri da ake sa warwarorin takardun littafi a ciki. Da boko ya yi yawa sai ya koyi ɗinkin littafi da allura, amma har ya mutu bai ɗauki littafin boko da muhimmancin da yake ba na zaure ba. Ranar da aka kai ni wurinsa ya miƙo mini ƙaramar tukunya da ludayi, ya ce in dama sitacin rogo da ruwan maɗaci, kada ya yi gudaji, kada ya yi ruwa. Maɗacin don gara da kyankyaso ne, in suka ɗanɗana ba su dawowa. Na shekara ina wannan, da yankan kwali, da wasa wuƙa a dutse, ban taɓa allura ba. In sitacin ya yi gudaji ba ya faɗa. Yatsa yake sawa ya lakato ya shafa mini a goshi, in yini da shi a haka kowa na gani.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Basilla ta huda, allura, zare, kaki, wuƙa mai baki ɗaya, wani ƙashin saniya da ya sha hannu har ya yi santsi wanda muke lanƙwasa takarda da shi, sai katako biyu da dutsen niƙa da muke danne littafi ya kwana. Masu kawo aiki kuwa iri-iri ne. Akwai malamin zaure da zai zo da littafin da ya gada, gefensa duk ya zama gari, ya zauna a kan buzu yana kallon hannunka har ka gama. Akwai ɗalibin kwaleji da zai kawo aikinsa yau ya ce gobe da safe ake karɓa, kamar kai ka hana shi kawowa tun makon jiya. Akwai wanda zai kawo Alƙur'anin mahaifinsa da gara ta ci rabi, ya ce a mayar da shi yadda yake. Wannan ba ka ce masa ba zai yiwu ba. Ka gyara abin da ya saura, ka yi masa bango mai kyau, ka yi shiru.

Malam Iro yana da doka ɗaya da ba ya sassautawa. Littattafan malamanmu na dā ba a ɗinke su, warwara suke, don malami ya iya zare 'yan shafuka ya ara wa ɗalibi. Saboda kada su rikice, marubuci yakan rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gama. Malam Iro jagora yake ce mata, ban san ko haka malamai ke kiranta ba. Duk takardun da suka shigo shagonsa a warware, in ba su da lamba mai karantuwa, ba su kwana sai an sa musu jagora. Na sha ce masa ɓata lokaci ne. Yakan ce, "Takarda ba ta da ƙafa, Bishir, amma tahiya take yi."

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, karo na bayan nan, ita ce shekarar da ba na son tunawa a sana'a. Kowa murna yake, mu muna zaune. Takarda ta yi tsada saboda duk ta tafi buga hotunan 'yan takara, kwali ma sai da rabo. A shekarar ce injinan fotokofi suka cika gari, ɗalibai suka gane roba ta fi sauri. Idon Malam Iro kuma ya yi nisa da lalacewa, sai ya kai abu dab da hancinsa yake ganin inuwarsa. Ni nake yin duk aikin ido, shi yana na hannu. Sannan Alhajin da ke da shagon ya aiko cewa ƙanensa zai sa injin buga kalandar taya murna a gaban shagon, mu mu koma ɗakin baya, wanda sai an zagaya ta lungu ake shiga.

Cikin wannan hali Malam Kabir ya zo da kwali a bayan babur. Malamin harsuna ne a kwaleji, jikan malamai ne na Ƙofar Sauri, kakansa ma Malam Iro ne ya ɗinka masa gafaka. Suka gaisa, gaisuwa irin ta mutanen da suka san gidajen juna, aka tambayi na raye, aka yi wa matattu addu'a. Sannan ya buɗe kwalin. Takardun fotokofi ne cike, kashi uku, kowane an ɗaure da igiya. Na ɗauki ta sama na duba. Ba boko ba, ba ajami ba. Wasu alamun kamar ƙwai da sanda da akwati, wasu kuma kamar an zubar da kwalin ashana a ƙasa.

"Rubutun mutanen Koriya ne, Baba," in ji Malam Kabir.

"Ina ne nan kuma?" in ji Malam Iro.

"Can gabas, bayan ƙasar Sin."

"To mi ya kai ka can, ɗan Malam?"

Ya ce ai bai je can ba. Ingila aka tura shi ƙaro karatu, shekara guda. A babban ɗakin karatun da yake zuwa akwai sashe guda na littattafan Koriya zalla, tsofaffi da sababbi, da wata mata 'yar ƙasar da ke kula da su. Tsofaffin ba a tsaye ake jera su ba, a kwance suke cikin akwatunan ƙyalle. Sai ka wanke hannu kafin a miƙo maka, kuma ba a shiga da biro, fensir kaɗai. Abin da ya ja shi, in ji shi, mutanen nan sun daɗe suna rubutu da haruffan Sinawa, kamar yadda malamanmu suka daɗe suna rubutu da Larabci, daga baya suka samu haruffan da za su rubuta harshensu na gida. A kan wannan yake bincike, yana gwada shi da ajaminmu. Ya koyi karatun da ƙyar, har yanzu a hankali yake yi. Littattafan ba a fita da su, sai dai ka nema a ɗaukar maka hoton shafukan. Ya ce burodi da shayi ya rayu a kai watanni don ya samu waɗannan, kuma ba ya ganin hanyar da zai sake komawa.

Malam Iro ya ce, "Su ma ashe suna da ajaminsu." Ya shafa takardar da tafin hannu, kamar mai duba fata.

Malam Kabir ya ce a ɗaure masa su littafi uku, yadda ya raba. Zariya zai tafi wurin malamin da ke duba aikinsa, sai bayan an rantsar da sabuwar gwamnati zai dawo. Ya hau babur ya tafi. Lokacin babu wayar hannu, in mutum ya tafi ya tafi.

Ni na so in huda su a hagu washegari, in ɗinke, in yi bango, a wuce wurin. Malam Iro ya ce a'a. Ya kai shafi ɗaya dab da idonsa ya daɗe, ya ce, "Rubutun nan a tsaye shina tahiya, ba a kwance ba. Ba ni huda takardar da ban san gabanta da bayanta ba. A jira mai ita." Sannan ya tambaya ko suna da lamba. Na ce akwai wasu 'yan alamu a gefe, amma injin ya yanke yawancinsu, waɗanda suka saura ma ban san mene ne ba.

"To a sa jagora."

"Malam, jagorar me? Ni na iya karanta wannan?"

"Wa ya ce ka karanta? Ido gare ka, hannu gare ka. Dubi alamar farko ta shafi na gaba, ka zana irinta a ƙasan wannan. Da fensir, takardar mutane ce."

"Sun fi ƙarfin ƙirga fa."

"Wani aikin kake da shi?"

Ba ni da shi, shi ya fi ba ni haushi. Ya tambaye ni daga wace kusurwa rubutun ya fara. Na ce takarda ce daga Turai, daga hagu za ta fara, a sama. Ya ce, "To, kai ka yi boko."

Haka na zauna ina zana abin da ban sani ba. Da farko shafi ɗaya sai in goge sau uku. Daga baya na sa musu suna don hannuna ya saba: ƙwai mai malfa, sanda mai ƙaho, akwati, tsani, kujera. Na lura alama ɗaya takan maimaitu a shafuka da yawa, sai na koma zana biyu, ta sama da ta ƙarƙashinta. Masu kama da ashana su suka fi wahala, sai ka bi kara ɗaya-ɗaya. Mai shayin da ke gefenmu yakan leƙo ya ce, "Bishir, an koma rubutun laya ne?" In ce masa ya je ya kula da butarsa. Wuyana ya ƙage, idona ya yi ja, amma na gama.

Ranar da lebura biyu na Alhaji suka zo kwashe mana kaya, bayan la'asar ne, gari ya yi zafi tun safe, hadari ya haɗo daga gabas, na farko a shekarar. Ina ɗakin baya ina gyara inda za a sa dutsen niƙa. Igiyoyin takardun na kwance su tun lokacin zane. Ɗayan leburan ya ɗora kwalin a ka ya shigo lungu, ƙasan kwalin ya buɗe. Daidai nan iskar gaban ruwa ta taso. Wanda ya san wannan iska a Katsina ya san ba ta tambaya. Da na fito da gudu, lungun fari fat, takardu na tashi sama da katanga kamar balbelu.

Malam Iro na tsaye riƙe da ƙofa, ba ya ganin komai, yana jin ƙarar takarda. Ya ɗaga murya, irin da ban taɓa ji daga bakinsa ba: "Jama'a, rubutu ne! Rubutu a ƙasa!"

Yaran yanzu ba za su gane abin da wannan kalma ta yi ba. A unguwarmu ba a barin rubutu a ƙasa, musamman wanda ba a san abin da ke ciki ba, don ba ka sani ba ko da sunan Allah. Mai shayi ya bar butarsa a wuta. 'Yan kabu-kabu suka jingine babura suna tare takardu da ƙirji. Wani dattijo da zai tafi masallaci ya tattare gaban rigarsa ya cika ta. Ruwan ya yi yayyafi kaɗan ya wuce, Allah ya rufa asiri. Har kwana biyu takardu na dawowa: daga gidaje mata na aiko da su a cikin faifai, an samu wasu a saƙale a tsagar katanga inda masu wucewa suka cusa su, mai ƙosai ta kawo uku ta ce ta ga ba irin wanda ake naɗe abinci da shi ba ne.

Muka baza su a ɗakin baya, muka danne da duwatsu. Kashi ukun sun zama ɗaya. In ɗauki shafi, in dubi zanena a ƙasa, in bi tarin ina neman mai wannan alama a kusurwar sama. Malam Iro na goge taɓo da ɗan ƙyalle, yana miƙar da waɗanda suka yamutse da ƙashin nan. Bai ce mini "na faɗa maka" ba. Waƙa kawai yake yi ƙasa-ƙasa, wadda ta fi maganar ciwo. A hankali sarƙa ta haɗu, littafi na ɗaya ya tashi, na uku ya tashi. Na biyu ya tsaya a tsakiya. Akwai shafin da ƙasansa ke cewa na gaba ƙwai mai malfa ne da sanda, a kan kujera, sannan wata mai kama da tsani. Na juya tarin sau ba adadi. Babu shi.

Na zana alamar a bayan kwali na bi gida-gida ina sallama. Mai shayi ne ya ce, "Ka je wajen Gwaggo Hajo. Tun shekaranjiya take gaya wa mutane an aiko mata da takarda daga sama."

Gwaggo Hajo tsohuwa ce mai sayar da daddawa a ƙarshen lungu, taubashiyar Malam Iro, ba su haɗuwa ba su tsokani juna ba. Na riƙo hannunsa muka je. Ta fito zaure tana jan ƙafa, ta zauna a dakali.

"Iro, da kanka? Wa ya mutu?"

"Ke dai muke jira. Hajo, takardar mutane ta faɗo gidanki."

"Ba ta faɗo ba, sauka ta yi. Na idar da la'asar ina roƙon Allah sauƙin gwiwar nan, na shafa ke nan ta sauka a kan tabarmata. Ni na je na ɗauko?"

Ta shiga ta zaro ta daga cikin azara a saman ƙofar ɗakinta, ta buɗe mini daga nesa. Ƙwai mai malfa, a kan kujerarsa. Na miƙa hannu, ta janye.

"Kai ɗan nan, da ido ake kallo."

Malam Iro ya ce, "Rubutun mutanen Koriya ne, can bayan Sin. Ba abin da ya haɗa ki da shi."

"Su ba bayin Allah ba ne? Kai ka karanta ka ga ba ruwana? Kai da ko hancinka ba ka gani."

"Gwiwar ta warke?"

"Ta yi sauƙi."

"Na ji kina jan ta tun daga tsakar gida."

"Da ai rarrafe nake. Ku tashi ku ba ni wuri, daddawata na rana."

Muka koma hannu rabbana. Kwana kaɗan bayan nan Malam Kabir ya dawo. Ya tarar da injin kalanda a inda ya bar mu, aka nuna masa lungu. Malam Iro bai yi kwana-kwana ba, ya gaya masa duk abin da ya faru. Malam Kabir ya cire hula ya zauna a ƙasa, ya jawo tarin farko, yana ɗaga shafi ɗaya-ɗaya, leɓensa na motsi. Aka kira azahar, muka je muka dawo, ya ci gaba. Can ya ɗago ya ce, "A jere suke. Wa ya jera?" Sai idonsa ya kai ƙasan shafin, ya ga fensir. Ya duba na gaba. Ya sake dubawa. Sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Malam Bishir, jagora ka sa musu! Irin ta littattafan kakana. Amma ai ba farkon shafi ka ɗauko ba, wannan kan layin ƙarshe ne. Tsofaffin littattafansu daga dama suke farawa, layi na sauka ƙasa, a koma hagu."

Malam Iro ya gyara zama. "Daga ina ka ce?"

"Daga dama, Baba. Kamar namu."

"Bishir, ka ji? Sake faɗa mashi, kunnen boko gare shi."

Har yau ban yarda laifina ba ne. Takarda ta fito daga Ingila, wa zai ce ta dama ce? Kuma ko ta ina na ɗauko, ai ta yi aikinta. Amma da an bi tawa an huda su a hagu, da an ɗaure littafi uku a juye.

Dariyar ba ta daɗe ba, don saura shafi ɗaya, kuma Malam Kabir ya ce bayanin da ke babin ya katse a daidai nan, ba shi da inda zai samo cikonsa a ƙasar nan. Muka koma wurin Gwaggo mu uku. Ta san kakarsa, ta sa masa albarka, ta ba shi daddawa ya kai gida, ta ce takarda dai ba ta bayarwa. Ya roƙe ta ta buɗe ya karanta mata, ko ta ji ba abin da take zato ba ne. Ta buɗe tana riƙe da kusurwa. Ya bi layin da yatsa daga nesa, yana fitar da wasu sautuka kamar mai haɗiyar tuwo da zafi, sannan ya ce bayani ne na yadda ake koya wa mai koyo furta haruffa, inda harshe ke taɓawa a baki.

"To ai ilmi ne," in ji ta. "Ilmi ya sauka gidana in kore shi?"

Malam Kabir ya dube ni, na dubi Malam Iro. Sai Gwaggo ta ce:

"Ku dai maza ba ku da dabara. Ba ga injin nan mai haihuwar takarda ba? Da za a yi mani katin zaɓe na gani, an sa ɗaya biyu suka fito. Ku je ya haifa maku taku."

Ni Bishir, da na yi rantsuwa ƙafata ba za ta taka shagon fotokofi ba, ni na tare mata kabu-kabu. Ta ƙi hawa, ta ce ba ta gaji da duniya ba. Da ƙafa muka tafi, tana gaba da sandarta da takardar a cikin zane, mu uku a baya kamar masu rakiya. A shagon ma ta ƙi sakin ta. Mai injin ya ce, "Iya, sai kin cire hannu." Ta ce ya yi aikinsa. Haka ya rufe murfin a kan hannunta, haske ya wuce, ta ce "A'uzubillahi," amma ba ta saki ba. Takarda ta fito, rubutu tsaf, har zanena na fensir a ƙasa, ga kuma babban yatsan Gwaggo baƙi ƙirin a kusurwa. Mai injin ya ce a sake. Malam Kabir ya ce a bar shi haka.

Ɗaurin kansa Malam Iro ne ya yi. Ya tambayi Malam Kabir yadda masu littafin ke ɗaure nasu. Ya ce waɗanda ya gani a ɗakin karatun nan bangonsu rawaya ne mai laushi, ana huda gefen gida biyar, a ɗinke da jan zare, zaren a waje kowa na ganinsa.

"Biyar?" in ji Malam Iro. "Mutanen kirki ne."

Muka rina farin ƙyalle da gangamau, na manna shi a takarda mai kauri da sitacin da na dama da kaina. Jan zare ya aika aka karɓo wurin 'yan'uwansa dukawa. Na daidaita takardun na danne, gefen dama a waje. Ya auna da faɗin yatsunsa, ya kafa basilla, ba ya ko kallon wurin, fuskarsa na sama. Huda biyar, tazararsu ɗaya kamar an gwada da ma'auni. Ya ja zaren ya zagayo ƙashin bayan littafin a kowace huda, ya ɗaure, ya ɓoye ƙullin a ciki. Na ce a datse gefuna da wuƙa su yi kyau, ya ce kada a taɓa, ɗan abin da ya saura na lambarsu a nan yake. Da aka gama ukun, ba wanda ya sa shi, ya ɗinka musu gafaka ta jar fatar akuya mai maɗauri. Ya ce littafin da ya fara daga dama ba ya yawo tsirara.

Wannan ne aikin allura na ƙarshe da ya yi. Bayan nan sai dai ya zauna a bakin ƙofa yana jin motsina, in na ja zare da ƙarfi ya ce, "A hankali, ba tufka kake ba." Damina biyu ya ƙara, Allah ya jiƙansa. Malam Kabir ya gama bincikensa, ya koma Zariya da koyarwa. In ya shigo gari yakan biyo mu gaisa. Ɗalibansa kuwa duk roba suke sawa, na gaya masa a fuskarsa, ya yi dariya ya ce zamani ne. Ni ban ga abin dariya ba. Ɗakin bayan nan har yau a cikinsa nake, injin kalandar an daɗe da sayar da shi.

To kai da ka ce wahalar da kai ce, ka gaya mini: in aka kawo maka tarin takardun da ba ka san samansu da ƙasansu ba, me za ka yi kafin ka tura su cikin injinka?

Gwaggo Hajo ta daɗe bayan taubashinta, tana jan gwiwarta har ƙarshe. Da ta rasu ana gyara ɗakin, 'ya'yanta suka ga takardar a cikin azara, ta yi ja saboda hayaƙi. Babbansu ya kawo mini, ya ce ba su san yadda za su yi da ita ba, kuma rubutu ne, ba a yarwa. Na yi mata ɗan tadarishi na ajiye a kan katakon sama, inda ruwa ba ya kaiwa. Har yau ban iya karanta ko harafi ɗaya a cikinta ba. A ƙasa dai ga zanena na fensir, akwati da sanda mai ƙaho, yana nuna shafin da ke biye. Shafin yana Zariya.